Ciwon gaɓoɓi wanda bai bayyana sunansa ba: abin da awon jini ke nunawa

Duk manomi ya san idan shuka tana ƙarama da wuya a rarrabe hatsi da shibra. Sai an yi haƙuri ta girma. Haka wasu cututtuka suke: suna nuna alamu, amma ba su bayyana ko su wane ne ba. Yau za mu yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi kama mata.

Sojojin da suka yi tawaye

A cikin jininmu akwai sojoji masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Amma wani lokaci wasunsu kan rikice, su far wa jikin da ya kamata su tsare. Sukan taɓa zaren naman da ke ɗaure gaɓoɓi da fata da hanyoyin jini, kamar yadda igiya ke ɗaure rumbu.

Daga nan mutum ya fara jin ciwon gaɓoɓi da kumburi, da gajiya marar dalili. Idanu da baki su bushe. Gashi ya riƙa zuba, gyambo ya fito a baki, fata ta yi ƙuraje idan rana ta buge ta. Wasu kuma, lokacin ɗari, yatsunsu kan ɗashe su yi sanyi ƙalau. Wannan ciwo dabam yake da sikila, kuma ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani.

Idan alamun sun cika, likita zai faɗi sunan cutar, misali lupus. Idan ba su cika ba, ana cewa cuta ce wadda ba ta rarrabe ba. Wani likitan Amurka mai suna LeRoy da abokan aikinsa suka ba ta wannan suna a 1980. A 1999 likitocin birnin Piza na Italiya suka kawo sharuɗɗan gane ta: alamu a jiki, da sojojin tawaye a jini, har tsawon shekara 3.

Me takardar awo take cewa?

Likitan babban asibiti ne ke sa a yi wannan awo. Awon farko ana rubuta shi AAN ko ANA. Shi ke nuna ko akwai sojojin tawaye. Awo na biyu shi ke nuna irinsu, domin kowane iri yana da inda yakan dosa:

Anti-ADN da anti-Sm suna nuna hanyar lupus, wadda kan taɓa ƙoda.
Anti-CCP yana nuna amosanin da ke lalata gaɓoɓin hannu.
Anti-Scl70 yana nuna cutar da ke sa fata ta yi tauri.
Anti-SSA yana tafiya da bushewar ido da baki.

To, amma mu lura. Haɗuwar hadari ba zubar ruwa ba ce. Akwai masu lafiya ƙalau da ake samun AAN kaɗan a jininsu. Zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka ma sukan sa ya bayyana. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da takarda ita kaɗai, sai ya haɗa da abin da ya gani a jikin majinyaci.

Ina cutar kan dosa?

A cikin majinyata 3, kusan 2 ciwonsu kan tsaya da sauƙi, ba ya rikiɗa. Kusan 1 ne nasa kan zama cuta mai suna, galibi cikin shekara 5 na farko. Ke nan waɗannan shekaru su ne na sa ido.

Abin da ya kamata mu yi

Mu adana takardun awo a wuri guda, mu riƙa zuwa da su duk lokacin da likita ya sa mana rana, ko da mun ji sauƙi.

Mu koma asibiti da gaggawa idan ƙafafu ko fuska suka kumbura, ko fitsari ya riƙa kumfa, ko numfashi ya yi wuya.

Mace mai anti-SSA ta shaida wa masu awon ciki tun da wuri. A cikin jarirai 100 na irin waɗannan mata, 1 ko 2 kan zo da bugun zuciya mai nawa, don haka ake bin cikin da kulawa.

Mu guji ƙwayoyin masu talla a kan tire. Wasu suna kwantar da ciwo yau, gobe su ɓata ciki da ƙoda, ko su kawo hawan jini da ciwon sukari. Maganin da likita kan bayar sau da yawa ɗan uwan nibakin ne, ana ce masa idroksiklorokin. Mai shan shi yana bukatar awon ido lokaci lokaci.

Magidanta kuma, idan uwargida ta daɗe tana kukan gaɓoɓi, kada mu ce ƙyuya ce ko sammu. Mu kai ta a auna jininta tun ciwon bai kai ga ƙoda ba.