Jinkiri da Sauyin Jirgi a Tafiya Mai Zango-Zango

Kaɗan ne cikin masu tashi daga Kano, Abuja ko Yamai zuwa ƙasa mai nisa suke isa da jirgi guda. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa sarin kaya Guangzhou sai ya yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha. Haka ɗalibi mai tafiya karatu Malesiya, haka majinyaci mai neman asibiti a Indiya, haka da yawa daga masu zuwa Umara ta jirgin yawo. Da gangan manyan kamfanonin jiragen sama suka tsara abin haka. Kowanne yana da cibiyarsa, inda yake tattaro fasinjoji daga garuruwa da dama cikin 'yan sa'o'i, sannan ya rarraba su a wasu jiragen. Wanda ya taɓa sauka filin jirgin Bole na Addis Ababa da dare ya ga wannan da idonsa: jiragen Afirka ta Yamma suna sauka a jere bayan isha, zuwa tsakar dare kuma na Asiya da Turai sun kwashe mutanen sun tashi. Tsarin yana sauƙaƙa kuɗin tikiti, sai dai yana da sharaɗi mai tsauri, wato jirgin farko ya iso kan kari.

Sau da yawa kuwa ba ya isowa. Jirgin da zai ɗauke ka daga Kano da la'asar mai yiwuwa tun asuba yake yawo, daga Legas zuwa Fatakwal, ya koma, ya nufi Abuja. Duk mintin da ya ɓata a wani gari yana biye da shi zuwa na gaba, yana taruwa. A Turai, inda ake ƙididdige abin a tsanake, kusan rabin jinkirin irin wannan ne, wanda aka gada daga sawun baya. Shi ya sa jirgin safe ya fi na yamma tabbas. Matuƙa da ma'aikatan jirgi ma doka ta iyakance musu sa'o'in aiki, idan suka cika, ko jirgin lafiyarsa ƙalau ba zai tashi ba sai an kawo wasu. Filayen jirgi da dama a Najeriya kuma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin awa biyu da yamma yakan rikiɗe ya zama soke tafiyar ɗungurungum.

Mu a arewa muna da namu dalilin na musamman. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ta lulluɓe Maiduguri, Damagaram, Kano, Katsina da Sakkwato. Kowane titin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a ba shi izinin sauka. Idan hazo ya yi kauri, jirgin zai yi ta shawagi, ko ya juya wani gari, ko tun farko ya ƙi tasowa. Akwai kuma abin da ba a zata ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da ke ratsawa ta can suka koma zagaye. A watan Agustan shekarar Nijar ma ta rufe nata na 'yan makonni. A 2010 aman wutar wani dutse a Iceland ya watsa toka a sama, aka soke tashin jirage kusan 100,000 cikin mako guda.

Babu abin da fasinja zai iya yi wa hazo ko yaƙi. Abin da ke hannunsa shi ne irin tikitin da ya saya, kuma a nan ne yawancin wahalar da ake sha a filin jirgi take samo asali. Tun ran gini ake zane.

Tafiya mai zango biyu ana iya sayenta ta hanya biyu. Ko dai tikiti ɗaya ne tun daga Kano har Guangzhou, ko kuma tikiti biyu ne aka jona, kowanne da kamfaninsa. A takarda suna kama da juna, a wajen doka kuwa sun sha bamban. Mai tikiti ɗaya ya ƙulla yarjejeniya da kamfani cewa zai kai shi ƙarshen tafiyarsa. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar shi, nauyin kamfanin ne ya sa shi a jirgi na gaba ba tare da ƙarin ko sisi ba, galibi har da abinci da masauki idan kwana ya kama. Kayansa ma tun daga wurin awo aka manna musu takardar gari na ƙarshe. Mai tikiti biyu ba shi da wannan rigar kariya. Kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba, abin da ya sani kawai shi ne fasinja bai zo ba. Hukuncin wanda bai zo ba kuwa mai tsanani ne: kwamfuta tana soke duk sauran zangunan da ke kan tikitin, har da na dawowa gida. Mutum ya rage dubu ɗari a wajen saye, ya wayi gari yana neman miliyan a ƙasar da bai san kowa ba. Arha ba ta ado.

Yawancin mutanenmu ta hannun ejan suke sayen tikiti, kuma ba kowane ejan ne yake bayani ba idan ba a tambaye shi ba. Tambayar ba ta da wuya: "Malam, tikiti ɗaya ne har can, ko jona mini ka yi?" Mai saye ma yana iya dubawa da kansa. Tikitin jirgi yana da lamba mai alƙaluma 13, uku na farko na kamfanin da ya fitar da shi ne, misali 071 na kamfanin Ethiopian ne. Idan ka ga lambobi biyu da farkonsu ya bambanta, tikiti biyu ne a hannunka.

Inda wannan ya fi cizon ɗan arewa shi ne zangon cikin gida. Mutum ya sayi tikitin ƙasar waje daga Legas ko Abuja, sannan ya sayi na jirgin gida daban daga Yola ko Sakkwato, ya ɗauka awa uku tsakani ya wadatar. Bai wadatar ba. A Legas ɓangaren jiragen cikin gida da na ƙasashen waje ba gini ɗaya ba ne, sai an karɓi kaya, an fito, an hau mota an bi titi, kuma wurin awon kaya na jirgin ƙasar waje yakan rufe awa guda kafin tashi. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: duk wanda zai jona jirgin gida da na waje a tikiti biyu, ya iso garin tun jiya ya kwana. Idan lokacin hunturu ne, wannan ya zama dole. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da zai yi asara ba.

Ko a tikiti ɗaya, tazarar da ke tsakanin jiragen abin dubawa ce. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin da aka amince fasinja zai iya sauya jirgi a cikinsa, kuma kamfani ba zai sayar da tikitin da ya gaza wannan ba. Amma ma'aunin na mai ƙarfin ƙafa ne, wanda ya san wurin, wanda jirginsa ya sauka daidai. Ɗauki tazarar minti 90. Lokacin saukar da aka rubuta na tsayawar jirgi ne, ba na fitowarka ba. Idan kujerarka tana baya a babban jirgi, minti 20 sun tafi kafin ka taka ƙasa. Wataƙila a kwashe ku a bas. Sai layin binciken tsaro, don yawancin cibiyoyi suna sake bincikar mai wucewa. A filaye irin na Istanbul ko Dubai tafiyar ƙafa daga wata ƙofa zuwa wata tana iya cin minti 20. Can gaba kuma ana rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Abin da ya rage bai wuce rabin awa ba, alhali a lissafin masu harkar, jirgin da ya makara da ƙasa da minti 15 bai ma makara ba. Jirgi kuwa ba motar tasha ba ne da yaron mota zai ce direba ya dakata ga fasinja can tafe. Awa biyu zuwa uku shi ne daidai ga mai lafiya, mai yara ko dattijo ya ƙara.

Fasfo ma yana shiga cikin lissafin. Ɗan Najeriya ko Gana da zai sauya jirgi a ƙasashen Turai na yankin Shengen yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa wannan, kamar ta Amurka ko Kanada. A Amurka dole kowa ya bi layin shige da fice, galibi kuma ya karɓi kayansa, ya sake miƙa su a garin da ya fara sauka. Mai tikiti biyu kuwa, a kusan ko'ina sai ya shiga ƙasar kafin ya kai ga kayansa, shiga kuma sai da biza. A kula da sunan fili: Istanbul tana da biyu, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a na Asiya, Landan da Paris ma kowacce ta wuce ɗaya. A kula da agogo ma: kowane lokaci da aka rubuta a kan tikiti na agogon garin da ake magana ne. Addis Ababa, Jidda, Doha da Istanbul suna gaban Kano da awa 2, Dubai da 3, Guangzhou da 7. Mutanen Habasha suna da nasu ƙidayar da ke farawa daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, don haka agogon filin jirgi za a bi, ba na bakin mutumin gari ba.

Idan jinkirin ya riga ya auku, gara a yi magana tun a filin farko. Nuna wa ma'aikacin kamfani katin shiga jirgi na biyu, ka ce ba za ka riske shi ba. Sau da yawa tun daga nan ake sauya hanya, kujerun da suka rage kuwa na wanda ya riga tambaya ne. A cikin jirgi a sanar da ma'aikata, wani lokaci sukan matso da mutum gaba. Da an sauka a duba allon sanarwa, domin ƙofa tana canzawa. Idan jirgin ya riga ya tashi, teburin masu sauya jirgi za a nufa kai tsaye, ana layi ana kiran kamfanin a waya ko ana duba manhajarsa. Kada a yi gaggawar sayen sabon tikiti kafin a ji abin da kamfani zai bayar. Faɗa da ma'aikacin tebur ba ya haifar da komai, ba shi ya kawo hazo ba, kuma shi ne mai iya nemo kujera.

Jakar hannu a shirya ta kamar za a kwana a hanya: magani, kaya sawu ɗaya, cajar waya, takardu, da ɗan kuɗin waje. Batirin ajiyar caji dama a hannu doka ta ce a riƙe shi. Mai niyyar Umara da zai sauka Jidda ya riƙe haraminsa a jakar hannu, don jirgi yana wuce miƙati a sama, babu damar buɗe akwatin da ke cikin cikin jirgi. Idan dattijo ko dattijuwa za su yi tafiya su kaɗai, a nema musu keken turawa tun awa 48 kafin tashi. Kyauta ne, kuma mai tura keken ya san hanya, shi zai kai su har ƙofa. A rubuta musu lambar jirgi da ta wayar ɗan uwa a takarda su riƙe.

Fasinja yana da haƙƙi, ko da yake ba a cika gaya masa ba. Sashe na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ya tanadi cewa a jirgin cikin gida, bayan jinkirin awa 2 a ba fasinja abin taɓawa da damar kiran waya, bayan awa 3 yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba a ba shi masauki da mota. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta shafi duk jirgin da ya taso daga can, da jiragen kamfanonin Turai masu zuwa can. Diyyarta tana kaiwa yuro 600 a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, in dai ba yanayi ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo ba. A 2013 kotun Turai ta yanke cewa a gari na ƙarshe ake auna jinkirin, don haka makarar minti 40 da ta sa jirgi na biyu ya bar mutum tana iya jawo diyyar. Wannan ma ga mai tikiti ɗaya ne kaɗai.

Kaya sun fi ɓata a wurin sauyin jirgi, domin mutum yana iya gudu ya riski jirgi, akwatinsa bai riska ba. Idan ba su fito ba, kada a bar zauren karɓar kaya sai an cike takardar rahoto a teburin kamfani, kuma za a nemi 'yar takardar nan mai lamba da aka manna a bayan katin shiga jirgi a wurin awo. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya take ciki, ta ba da kwana 7 a kai ƙorafi a rubuce kan kayan da suka lalace, da kwana 21 kan waɗanda suka makara, daga ranar da aka miƙo su. Akwatin da ya kwana 21 bai zo ba ana ɗaukarsa a matsayin ya ɓata, sai maganar biya. A adana katin shiga jirgi da rasitin duk abin da aka saya saboda jinkirin, a fara rubuta wa kamfanin, in ya yi shiru a kai wa jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA, waɗanda suke da tebur a manyan filayen jirgin ƙasar.