KWARI: A DUBA AIKI KAFIN A DUBA ADO

In kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, mahalba su kan sauko da kayansu daga inda suka rataye su tun farkon damina. A duba baka, a sake tsarkiya, a kai kibau wajen maƙeri ya gyara musu baki. Kwari kuwa sau da yawa shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi. Wani ma sai ranar fita daji ya tarar ɓera ya ci gindinsa, ko fatar ta bushe ta tsage. To, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwari da baka tsohon makami ne a ƙasar nan. Da shi mutanen Lugu, a ƙasar Arewa, suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a shekarar 1899, ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Yau yaƙi da kibiya ya wuce, amma halbi bai wuce ba. Har yanzu akwai sarakunan baka a garuruwa, akwai masu neman zomo da zabin daji da fakara, akwai kuma samari masu koyon halbi don wasa da gasa. Dukansu suna bukatar kwari. Aikinsa biyu ne: ya tsare kibiya kada ta lalace, ya kuma tsare mai ita kada ta cuce shi. Wanda ya riƙe wannan ba zai yi kuskuren zaɓe ba.

NA KAFAƊA DA NA ƘUGU

Kwarin da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne na rataye, wanda ake saƙalawa a kafaɗa ya sauko ƙarƙashin hammata. Akwai kuma na ƙugu, wanda ake ɗaurawa da ɗamara. Irinsa ne masu gasar halbi na ƙasashen duniya ke ɗaurawa.

Amfanin na ƙugu shi ne mutum yana ganin kibansa da idonsa. Ba sai ya ɗaga hannu sama ya laluba ba, balle nama ya ga motsinsa ya gudu. Kafaɗa kuma tana sake, ba abin da ke takura ta wajen jan baka. Illarsa ita ce in ba a ɗaure shi daidai ba ya kan riƙa dukan cinya, ya kan kuma sarƙe cikin geza da sarƙaƙiya. Mai jan tsarkiya da dama, a ƙugun dama zai ɗaura shi. Bahago kuwa a hagu. Wajibi ne a gaya wa baduku wannan tun kafin ya yanka fata.

WACE FATA?

Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushinta da ƙarfinta. Amma ita kaɗai ba ta yin kwari, don ba ta tsayuwa da kanta. Kwarin da ya yi laushi ya kan lanƙwashe, kibau su goge juna, masu kunne su sarƙe. Saboda haka jikin kwari sai ƙirgi, watau jemammiyar fatar sa mai kauri, ko kuwa gora ko itacen da aka rarake, sa'an nan a lulluɓe shi da fatar akuya. Na ƙirgi ya fi dacewa da ƙugu, don bai cika nauyi ba, kuma ba ya fashewa in mutum ya faɗi a kansa.

Kilago, fatar da ba a jeme ba, yana da ruɗi. A kasuwa, da rani, ya kan yi tauri kamar itace. Da ya sha raɓa ko ruwan sama sai ya saki, ya yi wari, ƙwari su shige shi, karnukan farauta ma su riƙa gwaguyarsa.

Ga yadda ake gane jima mai kyau. A dubi gefen fatar, wajen da wuƙa ta yanka. In launin ɗaya ne daga sama har ƙasa, bagaruwa ta ratsa ta. In akwai farin layi a tsakiya, jimar ba ta nuna ba, an yi gaggawar fitar da ita. A lanƙwasa gefen kaɗan: in fuskar ta yi tsatstsage, fatar ta ƙone ko ba ta sha mai ba. A kuma jiƙa yatsa a goga a kan rinin, ko jan karan dafi ne ko baƙin kuloko. In ya bi yatsa, zai bi riga ranar da aka yi gumi.

GINDI SHI NE RAI

Mai saye ya kan tsaya kallon zane da tuntaye, alhali wurin da ya kamata ya fara dubawa shi ne gindin kwari, inda bakin kibau ke sauka. Kowane taku mutum ya yi, ƙarfen yana sukar wurin. In fata ɗaya ce siririya, wata rana tsini zai ɓullo, kuma cinyar mai shi ce kusa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dafin ƙwanƙwani da mahalba suka gada yana tsayar da zuciya, kuma bai san nama ba, bai san mutum ba. Tsufan kibiya ba ya tabbatar da cewa dafinta ya mutu. Ko kibiyar da ba a taɓa shafa wa komi ba, sukarta na iya kawo tetanos, ciwon nan mai ƙulle haƙora ya sandare jiki. Wanda kibiya ta soka, a gaggauta kai shi gidan likita, kada a tsaya jiran gobe.

Gindi mai kyau shi ne wanda aka toshe da guntun itace daga ciki, ko aka ninka masa ƙirgi biyu ko uku, aka ɗinke da kyau. Mai saye ya sa kibiya ciki ya danna da ƙarfi, yana kallon gindin daga waje, ba tare da ya ɗora hannu a wurin ba. In ya ga fatar tana tasowa, ya ajiye wannan kwari. Kada kuma a cusa tsumma ko auduga a ciki, don kunnen kibiya ya kan kama su, ranar da ake gaggawa ta ƙi fita. Totuwar kara ta fi, ita tana riƙe tsini ba ta sarƙe shi.

A JE DA KIBIYA WAJEN BADUKU

Kibau ba tsawonsu ɗaya ba. Ta gargajiya, ta kyauro, gajera ce kuma ba ta da gashi. Ta gasa, wadda ake kawowa daga waje, ta fi tsawo, tana da gashi a wutsiya, kuma gashin ba ya son matsi. Don haka ba a sayen kwari da ƙiyasi. A tafi da kibiyar da za a zuba masa, a gwada.

In kwarin buɗaɗɗe ne, wutsiyar kibiya ta fito kamar faɗin yatsu huɗu, yadda hannu zai kama ta ba wahala. In ta gasa ce, gashin duka ya kasance a waje. In ya cika zurfi, sai an yi lalube. In ya cika gajarta, da mutum ya sunkuya sai kibau su zube. Bakinsa kuma ya zama mai tauri, an naɗe shi ko an sa masa zobe, don kada ya rufe da kansa.

A sa hannu ciki a shafa ɗinkin. Ya kamata cikin ya zama sumul, kada zare ko ƙullin tsirkiyar fata ya fito inda kunnen kibiya zai kama. Ɗinki da siririyar fata ko zare mai kauri da aka shafa wa kakin zuma ya fi wanda aka haɗa da gam kawai.

NA KOYO DABAN, NA DAJI DABAN

Mai koyon halbi a fili yana tsaye ne wuri ɗaya, yana sakin kibau da yawa a jere. Shi buɗaɗɗen kwari mai faɗin baki ya dace da shi, wutsiyoyin kibau suna kallon gaba. Kibansa kuma su zama marasa kunne, marasa dafi, kuma kada su taɓa kwana cikin kwarin da aka taɓa zuba masu dafi.

Mai shiga daji bukatarsa daban ce. Kwarinsa ya karkata, wutsiyoyin kibau su kalli baya, don ƙaya ta zame a kansu in yana kutsawa. Maratayi biyu sun fi ɗaya, su ke hana shi lilo. Ya zama yana da marfi mai igiya, saboda raɓa da ƙura, da kuma hannun yara in an komo gida. Abu na ƙarshe shi ne shiru. Wasu samari kan yanki bututun roba su yi kwari da shi don araha, amma ƙarar kibau a cikinsa tana riga mai shi isa wurin nama. Tuntaye masu tsawo da ƙyalƙyali su ma na ranar salla ne da hawan sarki.

Kafin a biya kuɗi, mutum ya ɗaura kwarin da kibau a ciki. Ya yi tafiya, ya ɗan yi gudu, ya tsuguna, ya durƙusa, ya ja baka. In bai ji ƙara ba, bai ga kibiya ta faɗi ba, bai ji gindin yana tokarar ƙasa ba, to ya samu. Baduku na kirki ba ya jin haushin wannan gwaji, shi ma sunansa yake tsarewa. Araha kuwa ba ta ado.

RIƘON KWARI

Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ta haɗu da ƙarfe da laima, ta kan yi baƙi, ƙarfen kuma ya yi tsatsa. Don haka a goge kibiya ta bushe kafin a mayar da ita. In kwari ya jiƙa, a zazzage shi a shanya a inuwa, ba a rana ba, ba kusa da wuta ba. Kafin hunturu a shafa masa ɗan man kaɗe daga waje, kaɗan, don yawan mai yana sa ƙirgi ya saki. A rataye shi sama, nesa da bango saboda gara, inda yaro ba zai kai ba ko ya taka turmi.

DAJI YANA DA DOKA

Kwari mai kyau ba izinin halbin kowane nama ba ne. Dokar farauta da tsaron namun daji ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998 ta tsara maganar takardar izini da lokacin farauta, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓa su sam, kamar raƙuman dawa irin na Kure. Gandun dajin Gadabeji, a jahar Maraɗi, an keɓe shi tun 1955. Kafin a fita, a nemi bayani wajen ma'aikatan ruwa da dazuzzuka, a kuma shawarci sarkin baka na gari. Tsofaffin mahalba da kansu ba sa halbin mai ciki ko mai shayarwa, don sun san in nama ya ƙare sana'ar ta ƙare.

Mahalbi ya nemi badukun garinsu tun da sauran lokaci, ya kai masa kibiyarsa, ya gaya masa aikin da zai yi, ya biya shi haƙƙinsa. Ta haka kuɗin ya zauna a gari, majemi ya samu, baduku ya samu, mahalbi kuma ya komo wajen iyalinsa lafiya. Rigakafi ya fi magani.