Lissafin Gida: Daga Kaka Zuwa Kaka

Yau za mu duba lissafin gida, wato yadda za mu raba abin da muka samu domin ya kai mu har wani samun.

A ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, damina gajeruwa ce. Ruwa yakan zauna daga wajen Yuni zuwa Satumba, sa'an nan kaka ta biyo. Manomi yakan kai amfani gida sau ɗaya a shekara, ma'aikaci kuwa yakan karɓi albashi sau ɗaya a wata, amma tukunya kullum ake ɗora ta. Saboda haka tilas mu raba kafin mu kashe.

Na fari, mu ƙidaya abinci da kwano. Darajar naira tana sauyawa. Bayan an cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, har hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a Disamba 2024. Amma kwanon gero bai sake ba. Bari mu ɗauki misali. Gidan da ke cin kwano 2 a rana yana cin kwano 60 a wata, wato buhu ɗaya da rabi idan buhu yana ɗaukar kwano 40. A shekara buhu 18 ke nan. Sai mai gida ya ware wannan, ya ware iri, kafin ya ɗauki ko tiya ɗaya zuwa kasuwa.

Me ya sa? Gama da kaka kowa yana sayarwa, hatsi yakan yi araha. A Yuli da Agusta kuwa rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, farashi yakan hau. Wanda ya sayar da geronsa a Nuwamba yakan sake sayen irinsa da tsada, wani lokaci ma da bashi. Idan muna bukatar kuɗi, mu fara sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa, gama domin kasuwa muka shuka su. Wake kuma za a iya adana shi cikin buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake hana ƙwari iska, har lokacin da zai yi daraja.

Na biyu, mu rubuta bukatun da muka san suna zuwa. Kirsimeti takan zo bayan kaka, lokacin da akwai kuɗi a hannu. Amma a Janairu yara za su koma makaranta, kafin Yuni kuma ana neman taki da kuɗin ƙwadago. Miji da mata su zauna tare da littafi da biro, su rubuta abinci, baiko, kuɗin makaranta, magani, haya da taki. Abin da ya ragu shi ne na sabon zane da anko da naman biki. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.

Na uku, mu lura da ƙananan ɓaraka. Katin waya, kuɗin acaɓa, goro da tsire ba su da nauyi a rana ɗaya. Amma naira 300 kullum ta zama 9,000 a wata. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024, wannan ya fi kashi ɗaya cikin takwas na albashinsa. Mu rubuta duk abin da muka kashe har wata guda, za mu ga inda tulun yake yoyo.

Na huɗu, mu yi ajiya inda hannu ba zai kai da sauri ba. Iyayenmu sun san wannan: akuya ko tunkiya asusu ce mai haihuwa. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, a bakin iyakar Nijar, tana ci kowace Alhamis, kuma farashin raguna yakan tashi gab da Babbar Sallah. Adashe ma yana da amfani idan da amintattun mutane ne, kuma an san abin da za a yi da kwasar tun kafin ta zo. Amma kada dukan ajiya ta zama dabba. A riƙe 'yan kuɗi domin rashin lafiya, don kada a sayar da akuya cikin gaggawa a kan kowane farashi.

Game da bashi, an ce hanji ne, yana cikin kowa. Duk da haka akwai bambanci. Bashin taki yakan biya kansa daga gona, amma bashin biki yakan cinye amfanin da ba a shuka ba tukuna.

'Yan'uwa, kafin kasuwa ta gaba mu shiga rumbu mu ƙidaya, mu raba da yawan watannin da suka rage kafin sabuwar kaka. In ya kasa, gara mu sani yau, mu rage kashewa tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu hikimar riƙon gida. Amin.