Dillalin da Bai Taɓa Shiga Kasuwa Ba

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, ga bayani a kan neman shago ta waya.

A da, baƙo in ya sauka Kano da kuɗinsa, maigidansa ko dillali shi ke kai shi rumfa. Yau kuwa da yawa taswirar Google Maps suke dubawa, wadda ta fito a 2005. To, ku sani wannan sabon dillali bai taɓa taka Kwari ko Kurmi ba. Abin da mai shago ko mai wucewa ya rubuta masa, shi yake faɗi.

Wahala ta farko ita ce adireshi. Taswira ta fi gane sunan titi da lambar gida. Mu kuwa kwatance muka sani: layi na uku, bayan masu atamfa. Rumfa ɗari suna iya haɗuwa a ɗigo ɗaya, baƙo ya yi ta bulayi.

Ta biyu, kasuwa ba ta zama yadda take. An yi gobara a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, an yi a Monday Market ta Maiduguri a 2023. Bayan irin wannan, mai rumfa kan tashi, sunansa ya zauna a tsohon wuri. Haka layin waya, in an daɗe ba a aiki da shi, kamfani kan ba wani.

Ta uku, damfara. Wani yana iya rubuta sunan shagonka ya sa lambarsa, ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, sunanka ne ya ɓaci. Google da kansa ya ce a 2023 ya cire ko ya tare shagunan ƙarya sama da miliyan 12.

Abin yi ke nan. Nemi sunan shagonka a taswira yau. In yana nan, yi rajista cewa naka ne, kyauta ake yi. Tsaya a bakin ƙofa ka daidaita alamar wurin, ka sa hoton allon shago. Rubuta lokacin buɗewa, har da rufewar Juma'a da ta Sallah. Ran da ka tashi ko ka sake lamba, gyara a ranar.

Kai kuma mai saye, kada ka tura ko kwabo sai wanda ka sani ya je ya ga rumfa da idonsa.

Allah ya ba da ciniki.