Kallon Ƙwallo A Ƙetare: Darasin Amurka 1994

Shekarar 1994 ce Nijeriya ta fara halartar gasar cin kofin duniya, kuma magoya bayan da suka haɗa gwiwa da abokansu zuwa Amurka sun tarar kuɗin shiga filin wasa ne mafi sauƙi a lissafinsu.

Babbar matsalar ita ce dala. A shekarar gwamnati ta kayyade canji a kan Naira 22, amma samun dala a banki sai mai uwa a gindin murhu. Sauran jama'a sai kasuwar bayan fage, inda farashin ya zarce haka nesa.

Sai kuma nisa. Ranar 21 ga Yuni Super Eagles suka lallasa Bulgeriya da ci 3-0 a Dallas, sa'an nan aka koma kusa da Boston, tafiyar kimanin kilomita 2,500, domin karawa da Ajantina da Girka da Italiya.

Saboda haka abokan tafiya su tanadi kuɗin waje tun da wuri, su kama masauki tare, su naɗa ma'aji guda mai rubuta kowane kwabo. Kyakkyawan lissafi shi ke tsare zumunci.