Abin Da Ya Sa Manoman Bawku Ke Komawa Ga Takin Gida

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Bawku zuwa Pusiga, ko zuwa Kulungugu a bakin iyakar Burkina Faso, ba zai rasa ganin amalanken jakuna a ƙarshen rani suna jigilar juji da kashin shanu zuwa gonaki ba. Malaman gona da ƙungiyoyin agaji suna kiran wannan aiki noman kare muhalli. Shi kuwa manomi ba mu taɓa jin ya ba shi wannan suna ba. Idan ka tsayar da shi ka tambaye shi dalili, lissafi zai yi maka irin wanda ku kuke yi a bakin rumfa: nawa na zuba, nawa zan kwashe.

Lissafin farko na kuɗin buhu ne. Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2008 gwamnatin Ghana ta dawo da rangwamen takin zamani bayan farashinsa ya tashi a duniya. A 2017 kuma aka ƙaddamar da shirin Planting for Food and Jobs, inda gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin buhu. To amma mu da muke zaune tsakanin iyakoki biyu mun san cewa ba duk buhunan ne suka isa gonakin da aka nufa ba, domin kuwa hukumomi da kansu sun sha kokawa kan yadda ake tsallakawa da su Burkina Faso da Togo. Daga baya rangwamen ya yi ta raguwa. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya haɗu da faɗuwar darajar sidi, farashin taki ya yi tashin gwauron zabo, kuma a 2023 aka sauya tsarin, aka koma ba da kayan noma bashi. Manomin da ya ga haka bai jira wani ya yi masa lacca ba, sai ya haƙa rami a bayan gida ya fara tara shara, toka, karan dawa da kashin awaki.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Kusasi. Gidaje a nan a warwatse suke, kowane gida da gonarsa kewaye da shi, kuma tun kaka da kakanni wannan gona ce ke shan takin garke. Abin da ya canja shi ne jama'a sun yi yawa, babu sauran filin da za a bari ya huta shekara biyu ko uku. Ƙasa ta gaji. Alamar gajiyar kuwa kowa ya san ta: wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwar dawa da masara tana tsotse su. Inda ƙasa ta fi talaucewa, nan ta fi yin ƙarfi. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, amma ba ya mayar wa ƙasa jikinta, ba ya sa ta riƙe laima. Takin gida yana yin wannan, ko da yake a hankali.

Batun laima shi ne lissafi na biyu. Damina ɗaya gare mu a shekara, ruwan kuma ba shi da alkawari. Waɗanda suka ga 2007 ba za su manta ba: fari a farkon damina, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya a watannin Agusta da Satumba, ga kuma ruwan da aka sako daga madatsar Bagre ta Burkina Faso ya cika kogin White Volta ya shafe gonakin bakin gaɓa. Gonar da ke kan gangare ba tare da wani shinge ba, ruwa yana kwashe ƙasar samanta ya bar tsakuwa. Shi ya sa za ka ga an jera duwatsu a gicciye, ko an yi kunya ana datse ta, don ruwan ya tsaya ya nutse.

Wata dabarar kuma ta iyaka ta shigo mana, kamar yadda albasa da shanu suke shigowa. Mossi suna kiranta zai, a Nijar ana ce mata tassa. Tun da rani ake haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowanne. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin, a shuka a ciki. Marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga, wanda ya rasu a 2023, da wannan ya farfaɗo da fako har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Daga Maraɗi kuma aka samo sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya toho a gona, a rage masa rassa a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi. An fara shi a can a 1983, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya mamaye kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ƙungiyar World Vision ta kawo shi Talensi a 2009, daga baya ya iso Bawku ta Yamma da Garu. Mata ne suka fi saurin gane amfaninsa, don su ke tafiyar neman itacen girki, su ke tsintar kaɗanya da ɗorawa da ake yin man kaɗe da daddawar da kuke saye.

To amma fa a faɗi gaskiya, ba kowa ke iya wannan noma ba. Mai shanu shi ke da taki. Wanda ba shi da ko jaki, sai ya saya ko ya ɗauka a ka. Karan da ake so a bari ya ruɓe a gona, shi ne makamashin uwargida, shi ne kuma abincin dabbobi da rani. Haƙan ramukan tassa aiki ne mai cin jiki, ga shi yana faɗowa daidai lokacin da samari suka tafi cin rani Kumasi da Akra, balle kuma yadda rikicin sarauta da ya sake tashi a ƙarshen 2021 ya ƙara korar wasu. Wanda kuma ya ari gona, ko matar da aka yanka wa ɗan fili na shekara guda, me zai sa su zuba takin da sai baɗi ko baɗin baɗaɗa zai nuna amfaninsa? Gyaran gona yakan jawo idon mai ita. A ganinmu, wannan ya fi duk wani ƙarancin wayar da kai hana mutane.

Inda maganar ta shafe ku kai tsaye shi ne albasa. Jar albasar Bawku tana gogayya a kasuwa da ta Galmi da ke zuwa daga Nijar, kuma ribar albasa tana wajen ajiya ne, wato wanda ya iya riƙe ta daga lokacin girbi zuwa lokacin da ta yi tsada. Albasar da aka ɗura wa takin yuriya fiye da kima takan yi girma da kaurin wuya, ta burge ido, amma ta fi saurin ruɓewa a rumbu. Tsofaffin dillalai sun san haka, sukan matsa wuyanta da yatsa kafin su yi tayi. Sai dai a ranar kasuwa buhu buhu ne, kuɗinsu ɗaya, kuma sau da yawa ɗan kasuwar da ya ba manomi bashin taki da irin shuka shi ne ke neman manyan ƙwayoyi a girbi. Manomin da ya sha wahalar jigilar juji da jaki ba ya ganin ko sidi ɗaya na ƙari a kan buhunsa, alhali wanda ya saye shi ne zai ci ribar daɗewar albasar a ajiya.