Abubuwan da ya kamata ka sani game da kwatanta tsadar rayuwa kafin ƙaura zuwa ƙasar waje

Idan aka yi wa mutum tayin aiki a Landan ko Riyad, abu na farko da yakan yi shi ne ya juya albashin zuwa naira ko sefa. Adadin da ke fitowa yakan ɗauke hankali. Sai dai a can zai biya haya, a can zai yi cefane, da farashin can. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: nawa zai rage masa a ƙarshen wata?

Mece ce tsadar rayuwa?

Tsadar rayuwa ita ce jimillar kuɗin da mutum ke buƙata don ya zauna a wani wuri cikin rufin asiri: muhalli, abinci, sufuri, magani, makarantar yara, wuta da ruwa. Masana tattalin arziki suna auna ta ta hanyar zaɓar jerin kayan masarufi iri ɗaya, su duba farashinsu a ƙasashe daban-daban. Daga nan ake fitar da ma'aunin ƙarfin saye, wanda ake taƙaitawa da PPP, wato yawan kayan da kuɗi ke iya saye a inda ake kashe su. Akwai shirin duniya na irin wannan kwatance da aka fara a 1968, wanda Bankin Duniya ke jagoranta a yanzu.

Me ke kawo bambancin farashi?

Kayan da ake safara tsakanin ƙasashe, kamar waya da kwamfuta, farashinsu ba ya yin nisa da juna sosai. Amma aski, ɗinki, gyaran mota da hayar gida ba a ɗauko su daga wata ƙasa a kai wata. Farashinsu yana bin ladan ma'aikatan wurin. Shi ya sa ƙasar da ake biyan albashi mai tsoka ita ce kuma take da tsadar hidima.

Sai darajar kuɗi. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, tun 1986. Sefa kuma a ɗaure take da yuro. Naira kuwa, tun da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, ta faɗi daga kusan 460 kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024. Wanda zai riƙa karɓar albashi a waje, wannan faɗuwa riba ce gare shi. Wanda za a riƙa tura wa kuɗin makaranta daga gida, asara ce babba.

Yadda ake yin lissafin

Ana farawa da abin da ke shiga hannu bayan haraji. A Birtaniya ba a cire harajin albashi daga fam 12,570 na farko a shekara, amma abin da ya haura ana fara cire kashi 20 cikin ɗari, mai babban albashi kuma fiye da haka, ga kuma kuɗin inshorar ƙasa da harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida. A Saudiyya babu harajin albashi, amma akwai harajin sayayya na kashi 15 cikin ɗari tun 2020, kuma baƙon ma'aikaci yakan biya riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke zaune ƙarƙashin iƙamarsa. Mai mata da 'ya'ya uku ke nan zai fitar da riyal 1,600 duk wata kafin ya ɗora tukunya.

Na biyu shi ne haya, wadda galibi ita ce ke cin kaso mafi girma. A nan gari ake dubawa, domin ƙasa ɗaya tana da farashi iri-iri. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta yarda da haka: a farkon 2025 ta nemi ɗalibi mai neman biza ya nuna fam 1,483 na kowane wata idan a Landan zai zauna, fam 1,136 idan a wajenta ne.

Na uku, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne abin da a gida ba a saba biya ba. A ƙasashen sanyi ɗumama ɗaki kuɗi ne na watanni da dama. Renon yaro, wanda a gida kaka ko inna ko maƙwabciya ke taimakawa da shi, a can hidima ce ta biya, har takan lashe yawancin albashin ɗaya daga cikin ma'aurata. Tun Fabrairun 2024 yawancin baƙi a Birtaniya suna biyan fam 1,035 na kula da lafiya kan kowace shekarar biza, ɗalibai kuma fam 776, kuma a dunƙule ake biya tun kafin tafiya. Ga kuɗin ajiya na mai gida, ga tufafin sanyi, ga tikitin zuwa ganin gida.

Jadawalin birane masu tsada

Kamfanoni irin su Mercer suna fitar da jerin birane duk shekara, kuma yana da kyau a fahimci wa suka yi wa. Suna auna rayuwar ma'aikacin da babban kamfani ya tura waje, mai zama a unguwar manya yana cin abincin da aka shigo da shi. Shi ya sa Luwanda ta Angola ta sha zuwa ta ɗaya a tsada, Njamena ma ta zo ta biyu a 2014. A 2024 Abuja ce ta zo ƙarshe a matsayin mafi araha, a shekarar da magidanta a Najeriya ke kuka da farashin shinkafa. Da dala aka yi wannan awo, mai albashin naira bai shiga lissafin ba.

Illar kuskuren lissafi

A 2024 wasu ɗaliban Najeriya a wata jami'a a arewacin Ingila sun kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira, har aka umurce su da barin ƙasar. Aikin awa 20 a mako da doka ta yarje wa ɗalibi ba ya cike irin wannan giɓi. Akwai kuma nauyin 'yan uwa, waɗanda su ma da farashin canji suke auna samun wanda ya tafi.

Kafin ka sayar da gona ko ka ci bashi, nemi wanda ke zaune a ainihin garin da za ka, mai iyali kamar naka, ya rubuto maka abin da ya kashe a watan jiya, ɗaya bayan ɗaya.